Amosanin Gaɓoɓi da Wayar Salula: Matsalar Kalmomi a Manhajojin Lura da Kai, Misali daga Mokolo

1.0 Gabatarwa

Tun da wayar salula mai intanet ta yawaita, jami'o'i da asibitoci a Turai da Amurka suka duƙufa wajen ƙirƙiro manhajojin da mai doguwar jinya zai riƙa lura da kansa da su kafin ranar komawa wurin likita. Ɗaya daga cikin cututtukan da aka yi wa wannan aiki ita ce wadda ake kira rheumatoid arthritis da Ingilishi, da Faransanci kuma polyarthrite rhumatoïde. Wannan takarda za ta bayyana abin da manhajojin suke yi, sannan ta duba abin da zai faru idan aka kawo su gari kamar Mokolo, hedikwatar gundumar Mayo-Tsanaga a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Matsalar wutar lantarki da kuɗin data kowa ya san da su. Abin da ya shafi ɗalibin harshe shi ne matsalar kalmomi, domin a nan kuskuren fassara yana iya nakasa hannu, yana ma iya kisa.

An zaɓi Mokolo ne saboda yanayin harsunanta. Garin yana cikin duwatsun Mandara, kimanin kilomita 80 yamma da Marwa. Mafi yawan mutanen yankin Mafa ne, Fulatanci ne harshen cuɗanya, takardar asibiti kuma da Faransanci ake rubuta ta. Hausa tana bakin 'yan kasuwa da masu zirga-zirga zuwa Mubi, da kuma 'yan gudun hijirar Nijeriya da ke sansanin Minawao tun 2013. Ke nan umarnin likita yakan ratsa harshe biyu ko uku kafin ya isa kunnen majinyaci.

2.0 Cutar da Sunanta

Wani likita Bafaranshe, Landré-Beauvais, shi ne ya fara siffanta cutar a Paris a 1800, sannan Alfred Garrod na Ingila ya raɗa mata sunan da aka san ta da shi a 1859. Asalinta shi ne garkuwar jiki ta juya ta afka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa. Tantanin ya kumbura, in aka daɗe ba magani ya cinye guringuntsi da bakin ƙashi, yatsu su karkace. Takan fara da ƙananan gaɓoɓin hannu da na ƙafa, dama da hagu tare, kuma babbar alamarta ita ce ƙagewar gaɓoɓi da safe, wadda kan ɗauki awa guda ko fiye kafin ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 ne ke fama da ita a 2019, kimanin kashi 70 cikin ɗari mata ne. Ba a warkewa daga gare ta, amma ana iya kwantar da ita, musamman in an fara magani a watannin farko. Ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙashi kuwa ba ta gyaruwa.

To, me Bahaushe yake ce mata? Abin da aka fi ji shi ne “sanyin ƙashi”, kuma wannan suna yana da aibi biyu. Na farko, jaka ce da ake zuba komai a ciki: zaizayewar gwiwa ta tsufa, da ciwon baya, da tsamin jiki bayan noma, duk sanyin ƙashi ne. Wanda aka ce yana da shi zai ɗauka abin kowa ne, ya nufi mai kemis ya sayi maganin kashe zogi, watannin farkon nan masu tsada su wuce a haka. Na biyu, da zarar an taƙaita aka ce “ciwon sanyi”, ma'ana ta koma cutar da ake ɗauka ta saduwa ko wadda ke damun mata a mara. Manhajar da ta buɗe da tambayar “Yaya sanyin naki yau?” ta jawo wa matar aure magana a gidanta.

Kalmar “amosani” ta fi dacewa, domin tana ɗauke da ma'anar cuta mai naci wadda ke lafawa ta dawo, kamar yadda ake ce wa sikila “amosanin jini”. A ganina “amosanin gaɓoɓi mai kumburi” ya fi duk sauran, ko da yake yana da tsawo a kan fuskar waya. Kalmar “kumburi” ita ce ke raba shi da ciwon tsufa, kuma abu ne da majinyaci ke gani da idonsa.

3.0 Abin da Manhajojin Suke Yi

Likitan gaɓoɓi yana auna ƙarfin cutar da wani ma'auni mai suna DAS28, wanda aka tsara a ƙasar Holan. Yakan taɓa gaɓoɓi 28, ya ƙirga masu zafi da masu kumburi, ya haɗa da sakamakon gwajin jini da kuma yadda majinyaci ke jin jikinsa. In maki ya gaza 2.6 cutar ta kwanta, in ya haura 5.1 ta yi tsanani. Matsalar ita ce wannan awo na rana ɗaya ne, alhali cutar tana tashi tana kwanciya. Mutum zai sha wuya wata guda, ranar ganin likita ta zo ya tashi garau, a tambaye shi ya ce “da sauƙi”. Mu kuwa mun san “da sauƙi” a bakin Bahaushe amsar gaisuwa ce, ko wanda ke kwance rai a hannun Allah haka zai ce.

Wannan giɓi ne manhajojin ke son cikewa. A Jami'ar Mancesta ta Ingila an gwada wata mai suna REMORA, inda majinyata 20 suka yi wata uku suna shigar da yanayin jikinsu kullum a waya, bayanan kuma suna zuwa kai-tsaye cikin fayil ɗinsu na asibiti. Ranar ganin likita sai a buɗe zane a ga ranakun da ciwon ya tashi, har da waɗanda majinyacin ya manta. Wasu manhajojin kuma suna tuna wa mutum ranar shan magani da ranar gwajin jini, ko su koya masa motsa gaɓoɓi.

Jami'ar ta kuma gudanar da wani bincike daga 2016 wanda ya shafi batunmu na “sanyi”. Mutum fiye da 13,000 masu ciwo mai naci, yawancinsu na gaɓoɓi, sun shiga binciken don rubuta zoginsu a waya, wayar kuma tana haɗa wurin da suke da rahoton yanayi. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna zogi ya ɗan fi yawa a ranakun laima da iska mai ƙarfi, amma ba a ga wata alaƙa mai ƙarfi tsakaninsa da hawa ko saukar zafin gari ba. Yanayin Ingila daban ne da hunturun duwatsun Mandara, gaskiya ne, sai dai wannan ya isa ya sa mu yi hattara da sunan da ke ɗora wa sanyi laifin cutar.

A Kamaru ma ba baƙon abu ba ne a haɗa lafiya da na'ura. Arthur Zang ya ƙera CardioPad, na'urar da ke ɗaukar awon zuciya a karkara ta aika wa likita a birni, GiftedMom kuma ta yi amfani da saƙon tes wajen tuna wa masu juna biyu ranar awo. Ciwon gaɓoɓi na da irin wannan buƙata, domin ƙwararrunsa kaɗan ne kuma yawancinsu suna Yawunde da Duwala, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Ko zuwa Garwa ma ba tafiyar da mai kumburarriyar gwiwa zai riƙa yi a kai a kai ba ce.

4.0 Tambayoyin da Ba Su Fassaruwa

Yawancin manhajojin suna cewa mutum ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10 don nuna yawan ciwonsa. Wanda bai saba ba zai ga tambayar ba ta da kai. Hausa tana rarrabe ciwo ne da irinsa: zogi daban, raɗaɗi daban, suka daban, tsami daban, kuma kowanne yana gaya wa likita wani abu. Mai fassarar da ya mayar da su duka “ciwo” ya zubar da bayanin da ake nema.

Haka kuma tambayar “minti nawa gaɓoɓinki suka yi a ƙage?” ta ɗauka cewa akwai agogo a gaban mai amsawa. Alhali muna da ma'aunin safiya wanda kowa ya sani. A tambaye ta ko hannun ya saki kafin fitowar rana, ko sai da hantsi, ko har walaha. Wadda ta tashi da asuba hannunta bai saki ba sai hantsi ya dubi ludayi, ta wuce awa guda nesa ba kusa ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne tambayoyin ayyukan yau da kullum. Takardar da aka fi amfani da ita, wadda aka tsara a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1980, tana tambaya ko mutum na iya shiga kwamin wanka, ko buɗe ƙofar mota, ko murɗa kan famfo. Ana iya fassara kowace jimla daidai da nahawu, a wayi gari ba a auna komai ba. Abin da likita ke son sani shi ne ƙarfin damƙa da lanƙwasuwar gwiwa. Sai a tambayi mace a Mokolo ko tana iya matse wanki, ko riƙe muciya ta tuƙa tuwo, ko jan guga, a tambayi namiji ko yana iya riƙe fartanya, ko ya koma yin salla a zaune. Na'urar fassara ba za ta yi wannan ba. Google Translate ya ƙunshi Hausa tun 2013, an ƙara Fulatanci a 2024, amma kalma yake musanyawa, bai san cewa kwamin wanka ya kamata ya zama muciya ba.

5.0 “Sau Ɗaya a Mako”

Babban maganin wannan cuta shi ne methotrexate, kuma sau ɗaya ake shan sa a mako. Wanda ya sha shi kullum yana iya samun gyambon baki, ƙwayoyin jininsa su zube, har ta kai ga mutuwa. Kuskuren ya yi ta faruwa a Turai, shi ya sa a 2019 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a riƙa rubuta cikakken sunan ranar shan maganin a takardar likita da jikin kwali. A Faransa ma akan shawarci likitoci su guji zaɓen Talata, domin mardi na iya rikiɗewa ya zama matin, wato safiya, a ɗauka kowace safiya ake nufi.

Yanzu a duba namu. Ƙwayar takan zo da nauyin miligiram 2.5, don haka wanda aka rubuta wa miligiram 15 zai haɗiye shida a rana guda. In manhaja ta ce “ƙwaya shida a mako”, mai hankali zai raba su ɗaya-ɗaya kwana shida. In ta ce “kowane kwana bakwai”, mai fassara daga Faransanci zai iya cewa takwas, tun da huit jours na nufin mako a harshensu. Mafita ita ce a ɗaure maganin da ranar da ba ta ɓacewa. Kasuwar Mokolo Laraba take ci, sai saƙon ya ce: “Yau Laraba, ranar kasuwa. Ki sha ƙwaya shida gaba ɗaya. Kada ki ƙara sha sai rana ita yau.” Kuma ya fi kyau a aika shi da murya, cikin harshen da matar ke ji, domin ƙaramar waya ma tana karɓar kira. Inda akwai babbar waya, hoton hannu da saƙon murya ta WhatsApp zuwa ga ma'aikacin jinya sun wadatar ya gane ko lokacin tura ta Marwa ya yi.

Akwai wani abu da mai rubuta irin wannan saƙo zai kiyaye. Maganin yana yi wa ɗan tayi illa, don haka dole a riƙa tambayar mace ko tana da ciki ko tana neman sa. A gidaje da yawa kuwa wayar ta maigida ce ko ta ɗa, shi zai fara jin saƙon. Wannan tambaya ba ta waya ba ce. Abin da saƙon zai ce kawai shi ne malamar asibiti tana son ganin ta kafin Laraba mai zuwa.