Extraction: Fim ɗin da Ya Ƙware a Faɗa, Ya Manta da Mutanen Gari

A watan Afrilun 2020, lokacin da korona ta kulle mutane a gida, Netflix ya saki fim ɗin Extraction, daga baya kamfanin ya ce gidaje miliyan 99 ne suka kalle shi cikin mako huɗu. Labarinsa ba shi da tsawo. An sace Ovi, ɗan wani ƙasurgumin dillalin ƙwaya na Indiya, an ɓoye shi a Dhaka, babban birnin Bangladesh, sai aka ɗauko sojan haya Tyler Rake, wato Chris Hemsworth, ya je ya ƙwato shi.

Wajen faɗa dai, na sara wa darakta Sam Hargrave. Kafin ya fara ba da umarni, shi ne irin mutumin da ke tsayawa a madadin jarumi idan za a yi tsalle ko faɗuwa mai haɗari, don haka ya san nauyin naushi. Akwai wani yanki na kusan minti 12 da aka ɗinke shi kamar kyamara ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Ana tsere da mota, a kutsa cikin gidajen haya, a hau bene, a faɗo titi ana sukar juna da wuƙa, kai kuma kana biye har numfashinka ya sarƙe. Domin ɗaukar wani ɓangaren, Hargrave ɗaure kansa ya yi a gaban mota riƙe da kyamara. Masu kallon fina-finan Indiya kuma za su ji daɗin ganin Randeep Hooda a matsayin Saju. A ganina ya fi jarumin ma taɓa zuciya, domin shi tsoron kada ubangidansa, mahaifin Ovi, ya hallaka masa iyali ne ya jefa shi cikin wutar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi da Dhaka. An rina garin da wani launi rawaya, ko'ina ƙura da ƙazanta, kuma 'yan Bangladesh da dama sun koka da haka. Yawancin fim ɗin ma a Indiya da Thailand aka ɗauke shi. A littafin zanen da aka samo labarin daga ciki, a Kudancin Amurka abin ya faru, aka cire wancan gari aka sa wannan. 'Yan sanda da sojojin ƙasar duk an nuna su a aljihun bos ɗin da ya sa aka sace Ovi, Amir Asif, saboda haka Rake yana zubar da su ba adadi. Wannan ɗan sandan da aka harbe a kan gada, ba shi da uwa ne? Baƙin cikin Rake na rashin ɗansa an ba shi lokaci da kiɗan tausayi, na mutanen gari ko oho.

Sai kuma yara. An jefo yaro daga saman bene, wani ya yanke yatsarsa don ya burge bos. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma fim ɗin ya wuce shi da sauri ya koma harbe-harbe.

Mai son ganin yadda ake tsara faɗa a fim, ya kalla, zai ƙaru. Amma iyaye, ku bari sai yara sun kwanta, kuma kada wani ya ɗauka ya san Bangladesh don ya ga wannan fim.