Yadda Ake Gane Man Girki Na Gaskiya A Ɗakin Gwaje-gwaje

Ido da hanci ba su isa su tabbatar da cewa man gyaɗa ko manjan da ke cikin kwalba tsantsa ne ba. Mai algus yana iya gauraya mai tsada da mai araha, launi da ƙamshi kuma su zauna kamar ba a taɓa su ba. Saboda haka ne ake kai samfur ɗakin gwaje-gwaje.

Abin Da Ake Nema

Man tsiro da kitsen dabba gininsu ɗaya ne, watau ƙwayar gilisarin guda tana riƙe da asid ɗin mai guda uku. Bambancin yana ga irin asid ɗin da kuma yawansu. Alal misali, wanda ake kira falmitik ya kai wajen kashi 44 cikin 100 na manja, amma a man gyaɗa tsakanin kashi 8 zuwa 14 yake.

Na'urar da ke rarrabe waɗannan asid ita ce gas kuromatogiraf, dabarar da James da Martin suka fito da ita a London a 1952. Da tururi take aiki, mai kuwa yana da nauyi, ba ya tashi da sauƙi. Don haka sai an tsinke asid ɗin daga gilisarin, an ɗaura kowanne da metanol. Abin da aka samu shi ake kira metil esta.

Hanyoyi Biyu

Ta farko, ana narkar da ɗigon mai cikin wani ruwa mai suna hekzen, a zuba metanol da aka narkar da sinadarin fotash mai ƙarfi a ciki, a girgiza. Cikin 'yan mintoci aiki ya kammala. Sai dai tilas kayan aiki su bushe sarai, domin idan ruwa ya shiga, sabulu za a samu, kamar yadda ruwan toka da mai ke ba da sabulun salo. Haka kuma hanyar ba ta kama asid ɗin da ya riga ya tsinke da kansa.

Ta biyu, ana dafa man da metanol mai ɗauke da asid na salfa a kwalba rufaffiya. Tana cin lokaci, amma tana kama asid ɗin duka, shi ya sa ta dace da manjan da ya daɗe a ajiye.

Bayan haka sai a ƙara ruwan gishiri. Hekzen zai taso sama ɗauke da estar, a ɗiba da allura a saka cikin na'ura. Ita kuma za ta nuna yawan kowane asid, a gwada da na mai tsantsa. Idan an yi algus mai yawa, lissafin ba zai daidaita ba.

Gargaɗi

Metanol guba ne, shansa yana makantarwa, yana kuma kisa. Wannan aiki na ƙwararru ne kaɗai. Wanda ya yi shakkar man da ya saya, ya kai ƙara wurin jami'an duba abinci.