Ko ka sani? Kifin da ba ya tsayawa wuri ɗaya

Kifin ƙanƙarar nan mai zanen baƙi a gadon baya, wanda 'yan kasuwa ke kira taitus, bai taɓa ganin ruwan tafki ba. Ɗan teku ne, tekun ma mai sanyi, wajen gaɓar Norwe, Ayalan da Birtaniya. Daga can ake daskarar da shi, jirgin ruwa ya sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma, mota ta hauro da shi har Ƙonni, kafin ya iso kaskon suya a Dogarawa ko Malbaza.

Abin al'ajabi yana cikin cikinsa. Mafi yawan kifaye, irin su karfasa, Allah ya yi musu wata 'yar jakar iska da ke riƙe su a tsakiyar ruwa ko da ba su motsa ba. Taitus ba shi da ita. In ya daina iyo sai ya yi ƙasa, don haka dare da rana tafe yake, cikin garke na dubbai, baki buɗe yana tace ƙananan halittun ruwa. Da sanyi ya shigo sai garken ya nutsa can ƙasa ya rage ci. In ruwa ya yi ɗumi ya taso, ya kusanci gaɓa. Macen kan zuba ƙwai dubu ɗaruruwa a shekara, ta bar wa ruwa renonsu.

Cin da taitus ke yi lokacin da ruwa ya yi ɗumi shi ke sa shi tara mai a jiki, man nan kuwa shi ne daɗinsa. A ganina kote, wanda ake kamawa da yawa a gaɓar Muritaniya da Maroko, bai kai shi maiƙo ba ko kusa.

Sai dai akwai inda ya kamata a yi hattara, musamman a zafinmu na bazara. Da zarar taitus ya narke ya daɗe a zafi, ƙwayoyin cuta kan haifar da wani sinadari a namansa, mai sa ƙaiƙayi, jan fuska, ciwon kai da gudawa jim kaɗan bayan an ci. Suya ba ta kashe shi, dahuwa ma haka, kuma sau da yawa ba a jin wari.

Saboda haka, uwargida, in kin je saye ki taɓa da hannunki. Wanda yake daskare da ƙarfi shi za ki ɗauka, wanda ya saki jiki yana zubar da ruwa ki bar shi komai arharsa.