Wace ce dafa-dukar asali? Gardamar da ta kusa raba mana asusu

Labarin da munka kawo muku a wannan fitowa daga bakin murhu ya taso, kuma saura kaɗan ya watsa mana ƙungiya.

Bara bayan girbi, da munka fasa asusu, sai munka yi shawara kada kowa ta kwashe rabonta duka. Munka ware wani kaso munka sayi manyan tukwane 3 da faranti, don mu riƙa karɓar aikin dahuwar biki da suna a cikin garin Tawa. Aikin farko ya wuce lafiya. Na biyu, wani suna a unguwarmu, shi ya tono rigima. Ƙananan cikinmu ne sunka riƙe tukunya, dafa-duka ta fito jawur da tumatirin gwangwani da dunƙulen magi. Baƙi sun ci sun yaba. Amma da marece, wajen wankin tukwane, dattijuwar ƙungiyarmu da kowa ke kira Inna ta ce:

"Wanga abu da kunka dahwa, ja gare shi kamar lalle, amma ba shi da uwa. Ina batso? Ina gabu? Mu ba haka munka gada ba."

Autarmu ta ce: "Inna, ki yi haƙuri, mai suna ja taka so. In munka kai mata baƙa mai warin daudawa, gobe wa zai sake kiranmu?"

Mun yi dariya a lokacin, amma maganar ba ta dariya ba ce. Inna daudawar batso take yi tun muna yara, kuma bashin da ta ɗauka a asusu gurguzu ta saya da shi. Idan ƙungiyarta da kanta ba ta sayen daudawarta, da me za ta biya? Su kuma ƙananan, ciniki suke karewa. Kafin sati biyu mun rabu gida biyu, har mata uku sunka ce a ba su rabonsu na tukwane su fita.

Ita kanta shinkafar baƙuwa ce

Da munka zauna sulhu, tambayar farko da munka yi wa Inna ita ce: dafa-dukar da kika gada, wa ya koya miki? Ta yi shiru, sannan ta ce gaskiya a gidan mijinta ta fara ganinta. A ƙauyensu, wajen Barmu, fura aka sani da rana, tuwon gero da miyar kuka ko kuɓewa da dare, sai dambu. Shinkafa sai Sallah, ko in an yi babban baƙo.

Haka abin yake. Adar ƙasar gero ce da dawa da wake. Shinkafar Nijar a bakin kogin Kwara ake noma mafi yawanta, wajen Tillaberi da Gaya, sauran kuma a buhu take zuwa mana daga ƙasashen Asiya. Ɗiyar ɗaya daga cikinmu, mai karatu a jami'ar Tawa da ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar, ta ƙara mana da abin da ya ba mu mamaki: tumatir da barkono da tattasai, har da gyaɗar da muke matse mai, duk asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Dunƙulen ɗanɗano kuwa a Turai aka fara yinsa, wajen 1908. Abin da ke namu tun kaka da kakanni shi ne gero, dawa, wake, kuɓewa, kuka da yakuwa.

Mazanmu masu tafiya bida su ma sun kawo nasu. Wanda ya daɗe a Abijan ko Legas ya dawo da bakin cin shinkafa ja. Su kuma sun bar nasu a can: garba, abincin rogo da soyayyen kifi da mutanen Abijan ke alfahari da shi, sunan Bahaushe gare shi, saboda ƴan Nijar ne sunka yi fice wajen saida shi.

Gardamar ba tamu kaɗai ba ce

Yarinyar nan ta nuna mana a wayarta cewa irin wannan musu ya cika duniya. Najeriya da Gana da Senegal sun daɗe suna jayayya a kan wa ya fi iya jalof, sunan da ya samo asali daga tsohuwar daular Jolof ta Senegal. A 2021 hukumar UNESCO ta sa shinkafa da kifi ta Senegal, wadda mu muke kira cep, cikin al'adun da duniya za ta adana.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na jihar Luwiziyana ta Amurka. Suna da wata dafa-duka mai suna jambalaya: shinkafa, nama, albasa da yaji a tukunya guda. Mutanen birnin New Orleans suna sa tumatir, tasu ja ce. Mutanen karkara da ake kira Kajun, jikokin masu jin Faransanci da Ingilishi sunka kora daga Kanada tun 1755, ba su sa tumatir. Nama suke soyawa har ya kama gindin tukunya, su zuba albasa da ruwa su kankaro wannan kamun, shi ke ba shinkafar launin ƙasa-ƙasa. Kowane ɓangare na cewa tasa ce ta gaske. Kuma tun 1719 aka fara kai bayi daga Afirka ta Yamma wannan yanki, cikinsu da waɗanda sunka ƙware a noman shinkafa. Da Inna ta ji haka sai ta ce: "Ashe ƙauyawansu sun hi su sanin tukunya." Daga nan fuska ta fara sakewa.

Tukunya biyu, murhu ɗaya

Ranar zubi munka ɗora tukunya biyu, shinkafa tiya ɗaya kowace, nama daidai wa daida. Ƙananan sunka yi tasu yadda sunka saba. Inna ta yi tata, mu kuma muna rubutawa, don ba ta taɓa auna komai da cokali ba.

Ta fara da man gyaɗa, ta soya nama a hankali har ya yi duhu ya fara kamu. Ta zuba albasa mai yawa, irin ta Galmi, ta bar ta ta narke. Sannan dakakkiyar kauɗar tumatir da tattasai, irin wadda masu lambu na Tamaske da Keita ke shanyawa. Sai batso, wanda ta ce a sa shi tun cikin mai, domin wuta ce ke kashe warin ta bar daɗin. Mai jefa shi a ƙarshe ita ke ɓata masa suna. Ta zuba ruwa bai kai ninki biyu na shinkafar ba, ya tafasa, ta zuba wankakkiyar shinkafa, ta juya sau ɗaya tak. Da ruwan ya tsotse ta janye itace ta bar garwashi, ta rufe ruf. Gabu, wato busasshen ganyen albasa da aka toya aka daka, shi ne na ƙarshe. Da aka kwashe, ga ƙanzo a gindi, yara har da faɗa.

Mun ba maƙwabta sun ɗanɗana ba tare da sun san ta wa ce ba. Ba za mu yi muku ƙarya ba: yara da ƴan mata ja sunka zaɓa, manya kuma ta Inna. Da munka yi lissafi, kuɗin kayan bai bambanta sosai ba. Bambancin yana ga inda kuɗin ya tafi. Na tukunyar Inna, ban da shinkafa, kusan duka a hannun mutanenmu ya tsaya: mai kauɗa, mai albasa, mai ƙuli da mai, mai daudawa. Ga kuma maganar lafiya: dunƙule gishiri ne mafi yawansa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Masu hawan jini a cikinmu sun ji wannan da kyau.

Abin da munka tsayar

Mun daina cewa "ta asali" da "ta zamani". Yanzu mai biki muke tambaya: ja kike so ko ta gida? Ko a cikin jar, mun rage dunƙule rabi, mun cike da batso da gabu, kuma har yau ba wadda ta dawo mana da ƙorafi. Daudawar da ƙungiya ke buƙata a wurin Inna muke saye, kuɗi hannu. Ta biya bashinta kafin azumi.

Sharaɗi ɗaya munka gindaya mata: ta koyar. Yin batso aiki ne na kwanaki. A tsince gurguzu, a dafa shi yini guda, a rufe shi kwana biyu zuwa uku ya ruɓa, a kirɓa da ruwan toka, a sake rufewa, sannan a dunƙula a shanya. A ƙungiyarmu ta mata 28, mutum biyu kaɗai sunka iya shi, dukansu sun haura shekara sittin. Nan ne haɗarin yake. Shinkafa ba za ta yanke a kasuwa ba, amma ranar da waɗannan hannuwa sunka kwanta, batso ya tafi ke nan. Yanzu ƴan mata huɗu ke zuwa gidan Inna, cikinsu har da autar da ta yi mata gardama. Matan ukun nan ma ba su fita ba.

Ƴan uwa na Kalfu, Barmu, Tabalak da sauran wurare, ku duba cikin ƙungiyoyinku: mata nawa sunka iya daudawa, gabu ko cuku, kuma shekarunsu nawa? Ku aiko mana da amsa ta hannun wakiliyarku, tare da yadda kuke taku dafa-dukar. Allah ya sa albarka a tukwanenmu da asusunmu, amin.