Gona Ba Ta Haihuwa: Daura, Yawan Jama'a Da Batun Gawo

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kwangwalam bayan kaka, zai yi ta cin karo da amalanken shanu maƙare da karan gero. A da, a gona ake barin karan nan, shanun Fulani su ci, su biya da taki. Yau kara kuɗi ne. Da shi ake danni, da shi ake kiwo, da shi uwargida ke hura wuta idan itace ya fi ƙarfin aljihu. Gona kuwa sai ta kwana tsirara, iskar hunturu ta yi awon gaba da ƙasar sama.

Ƙidayar 1991 ta samu mutum miliyan 3.75 a Jihar Katsina, ta 2006 ta samu miliyan 5.8. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace a Katsina kan haifi 'ya'ya bakwai da ɗoriya, adadin da babu jihar da ta kai shi a lokacin. Ƙananan hukumomin masarautar Daura kuwa, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, ƙasarsu jigawa ce, damina ba ta cika wuce wata huɗu ba.

A rabon gado abin ya fi fitowa fili. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki, har ta koma fegi-fegi. Wa zai bar saura ta huta alhali gidansa na jiran tuwo? Daga nan sai a ci burtali, makiyayi ya rasa hanya, a kwana gaban dagaci.

Sai dai yawan jama'a ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, kuma shaidar tana tsallaken iyaka. Magarya da Matamaye, a jihar Damagaram, suna cikin yankunan karkara mafi cunkoso a Nijar, amma gonakinsu cike suke da gawo. Dabarar ita ce sassaben zamani, wadda ta bunƙasa a Maraɗi tun shekarun 1980, inda wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa ta. Manomi zai tsuguna gaban kututture, ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya rage musu rassan ƙasa. Saiwar ta daɗe da nitsewa, ba ta neman ban ruwa. An kiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar, da bishiya wajen miliyan 200.

Shi gawo halinsa daban ne: da damina yake kaɗe ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma tumaki su samu 'ya'yansa.

Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa, an kuma sha kawo ayyukan dashe da na murhu mai tsimin itace a wannan yanki. Madalla. Amma kowa ya san dashen biki: a dasa, a ɗauki hoto, kafin sati awaki sun gama da shi. Tsiron da manomi ya raina a gonarsa, ya san amfaninsa nasa ne, shi ke kai labari.

Batun tazarar haihuwa da karatun 'ya mace aiki ne na shekaru, kuma sai da bakin malamai da iyaye. Na bishiya kuwa bana ma ana iya farawa. Hakimai da dagatai su tsawata wa masu saran dare, manomin Baure ko Zango kuma idan ya fita sassabe, ya ɗaga wa tsiron gawo gatari.