Gashin katin hoto cikin tanderu: mi ke faruwa a ƙarƙashin zuciyar katin?

1. Gabatarwa

Daga wajen shekarar 2008, wata dabara ta bazu tsakanin masu na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato ordinatar, a Amurka da Turai. In katin hoto ya mutu, sai a cire shi, a sa shi cikin tanderun da ake gasa burodi da kaza, a bar shi minti 8 zuwa 10 cikin zafin digiri 200 na ma'aunin Selsiyus, a bari ya huce, a mai da shi mazauninsa. Sau da yawa hoto yakan dawo sarai kamar ba abin da ya faru.

Katin hoto, wanda ake kira carte graphique da Faransanci, shi ne allon da ke lissafa duk abin da ido ke gani bisa fuskar na'ura. Alamomin ciwon da muke magana a kai sanannu ne: zane-zanen layuka, ɗige-ɗige masu launi, hoto ya daskare, daga baya fuska ta yi baƙi ƙirin alhali fanka tana juyawa. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne wai zafin tanderu yana narkar da kuzar liƙi, tsagar da ke cikinta ta haɗe. Cikin wannan takarda muna so mu nuna cewa ga mafi yawan katunan da aka gasa, wannan bayani bai tsaya ba, kuma sanin dalilin yana da amfani ga mai gyara da mai saye.

2. Ginin zuciyar kati

A tsakiyar katin akwai abin da ake kira GPU. Mu a nan za mu ce masa zuciyar kati. Ginin ta kamar bene ne mai hawa uku. A bisa akwai ɗan ɓallin silisiyom, mai ƙyalli kamar madubi, inda ake yin lissafin. Yana zaune bisa wani ɗan faifai kore. Faifan kuma yana zaune bisa babban allon katin.

Abin lura shi ne liƙi biyu ne, ba ɗaya ba. Tsakanin faifai da babban allo akwai ƙwallayen kuza ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, kowane kusan rabin milimita. In an karkata katin ga haske ana iya hango jerinsu na waje. Tsakanin silisiyom da faifai kuwa akwai wasu ɗigogi dubbai, masu kaurin gashin kai, waɗanda ba a gani ko kaɗan, domin an cika tsakaninsu da wani danƙo mai tauri da ke riƙe su. Mai tanderu yana tunanin ƙwallayen ƙasa. Ciwon kuwa sau da yawa yana ga ɗigogin bisa.

Mi ke tsaga su? Kowane abu yana buɗewa in ya ɗumama, ya tsuke in ya huce, amma ba daidai wa daida ba. Silisiyom yana buɗewa kusan kashi 2,6 cikin miliyan ga kowane digiri. Faifan da ke ƙarƙashinsa yana buɗewa sau biyar ko shida fiye da haka. Zuciyar kati tana iya tashi daga digiri 30 zuwa 80 ko 90 in tana aiki mai nauyi, ta sauko in an kashe na'ura. Kowane hawa da sauka yana jan ɗigogin nan gefe guda, ya sake mai da su. Wanda ya taɓa katse waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san ƙarshen wannan: ƙarfe yana gajiya, tsaga ta fara, ta yi ta ci har wuta ta daina wucewa.

3. Zancen narkewa

A nan ne lissafi ke ƙaryata bayanin da aka saba. Kuzar liƙi ta dā, wadda masu gyaran rediyo suka sani, gami ce ta kuza kashi 63 cikin ɗari da dalma kashi 37, kuma tana narkewa a digiri 183. Amma Tarayyar Turai ta kafa dokar da aka sani da RoHS, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2006, ta hana dalma cikin mafi yawan kayan lantarki. Masana'antu suka koma ga gamin kuza da azurfa kaɗan da jan ƙarfe, wanda ba ya narkewa sai wajen digiri 217. Injunan liƙi na masana'anta suna kai shi digiri 235 zuwa 250, na ɗan lokacin da bai wuce minti ɗaya ko ɗaya da rabi ba, bayan an ɗumama allon sannu a hankali.

To, ma'aunin da masu gashi suka yi ta miƙa wa juna shi ne digiri 385 na ma'aunin Faranait, wato 196 na Selsiyus. Wannan ya isa ya narkar da kuzar dā, bai isa ya narkar da ta bayan 2006 ba. Ga shi kuwa katunan da aka fi gasawa, irin su GeForce 8800 da kamfanin Nvidia ya fitar a watan Nuwamba 2006, na bayan dokar ne. Ɗigogin ƙarƙashin silisiyom sun fi haka nisa: dokar ta yi musu sassauci, kuma a zukata da yawa na wancan zamani an yi su da gamin da kusan duk dalma ne, wanda ba ya narkewa sai an wuce digiri 300. Lalle tanderun gida ba ya tsayawa daidai inda aka sa shi. Yana iya zarce ma'auninsa da digiri 15 ko 20, wani gefen allo ya narke wani bai narke ba. Amma ba a gina bayani bisa kuskuren tanderu.

Abin da ya fi dacewa da abin da ake gani shi ne wannan: zafi yana sa danƙon nan ya yi laushi, faifai ya buɗe ya ɗan motsa, in ya huce komi ya zauna a sabon wuri, bakunan tsagar biyu su taɓa juna. Sun taɓa ne, ba su haɗe ba. Wuta tana wucewa, hoto ya dawo, amma tsagar tana nan. Shi ya sa katin yakan yi ƴan makonni ko ƴan watanni ya sake mutuwa, a sake gasa shi, ya yi kwanakin da ba su kai na farko ba.

Muna da shaidu biyu daga tarihin masana'antar kanta. A watan Yuli 2008, Nvidia ya sanar cewa wasu zukatan da ya sayar wa masu ƙera na'urorin hannu suna mutuwa fiye da ƙima, ya ɗora laifin bisa raunin kayan da aka haɗa silisiyom da faifansa, ya ware dala miliyan 196 domin gyara. GeForce 8400M da 8600M ne suka fi shiga wannan matsala, cikin na'urorin HP da Dell da Apple. Kamfanin bai ce ƙwallayen ƙasa ba; cikin zuciyar ya nuna. Maganin gaggawa da HP da Dell suka bayar ma abin lura ne: sun sauya tsarin na'ura domin fanka ta riƙa juyawa da wuri.

Shaida ta biyu ta fi ban dariya. Na'urar wasa Xbox 360 ta yi irin wannan ciwo, har Microsoft ya ware fiye da dala biliyan ɗaya a watan Yuli 2007, ya tsawaita garanti zuwa shekara uku. Masu ita sun gano cewa in an naɗe ta da tawul aka kunna ta har ta yi zafi, takan farfaɗo. Babu tawul ɗin da zai kai na'ura digiri 183, balle 217. Ke nan farfaɗowa ba ta bukatar narkewa.

4. Abin da gashi ke ɓatawa

Masu yin dabarar da hankali sukan cire fanka da ƙarfen sanyaya da duk robar da ke ciruwa, su goge man da ke bisa silisiyom, su ɗora katin bisa ƴan dunƙulen takardar aluminiyom domin kada ya taɓa tire, zuciya tana kallon sama; in lokaci ya cika su kashe wuta, su buɗe ƙofa, kada a taɓa shi sai ya huce. Ko da haka akwai asara. Kondansatar masu ruwa a ciki an yi su ne domin digiri 85 ko 105; a digiri 200 suna kumbura, wasu su fashe, waɗanda suka tsira kuma kwanansu ya ragu. Bakunan roba suna lanƙwashewa. Allon da ya sha raɓa, kamar wanda ya yi damina ajiye cikin shago, ruwan da ke cikinsa yana zama tururi ya fasa shi daga ciki kamar gugguru. Shi ya sa masana'antu ke busar da irin waɗannan kaya a digiri 125 na tsawon sa'o'i masu yawa kafin su liƙa su. In kuma kuzar ta narke da gaske ba tare da man liƙi ba, tsatsar da ke bisa ƙarfen ba ta fita, liƙin ya fito marar ƙwari, ƙananan kaya kuma su zame in an girgiza tire.

Akwai kuma zancen lafiya, wanda ba ma son a ɗauke shi da wasa. Allo mai zafi yana fitar da hayaƙin roba da na magungunan hana kama wuta, tsofaffin alluna kuma suna da dalma. Tanderun da aka gasa kati a ciki bai kamata ya sake ganin abinci ba. Tanderun itace na gidan burodi ko murhun gawayi kuwa, ba su da ma'auni ko kaɗan. Abin da zai fito daga cikinsu gawayi ne.

5. A rumfar mai gyara

A Maradi ko Zinder ba kowane gida ke da tanderu mai ma'auni ba, amma dabarar tana da ƙanwa: na'urar hura iska mai zafi da masu gyaran salula ke aiki da ita. In an hura ta bisa zuciyar kati, abin da ke faruwa shi ne wanda muka bayyana, sai dai sauran allon ya tsira. A ganinmu amfaninta na gaskiya bincike ne. In hoto ya dawo bayan ɗumamawa, mai gyara ya gano inda ciwon yake, kuma mai na'ura ya samu damar kwashe takardunsa. Ko sauya ƙwallayen ƙasa da sababbi, aikin da ake kira rebillage, ba ya warkar da tsagar da ke ƙarƙashin silisiyom. Zafin aikin ne ke farfaɗo da ita na ɗan lokaci. Gyaran da ke daɗewa shi ne a sauya zuciyar da wata lafiyayya, in kuɗinta da na aikin ba su wuce na wani katin ba.

Inda abin ya zama zamba shi ne a ɗumama kati a sayar da shi da sunan gyararre. Yawancin ɗalibanmu na hannu suke saye, kuma wanda ya zuba kuɗin buus ɗinsa cikin na'urar da za ta mutu tsakiyar rubutun kundinsa ba ƙaramar asara ya yi ba. Mai saye ya duba allon: launin da ya yi duhu kewaye da zuciya, takardun lamba da suka yi ja ko suka naɗe, maiƙon man liƙi a gefen faifai, kusoshin da aka taɓa kwancewa. Ya nemi a kunna masa hoto mai nauyi na sa'a guda, a kashe, a bari ta huce, a sake kunnawa. Ya kuma nemi wa'adin mayarwa na wata ɗaya ko biyu, domin gwajin yini guda ba ya kama katin da aka gasa jiya.

Ga na'urar da ke da lafiya, yanayinmu ba ya tausaya mata. A watan Afrilu zafin inuwa yana wuce digiri 40 a Tahoua, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya tun watannin baya, fanka tana juyawa iska ba ta fita. A buɗe a hure ƙurar sau biyu a shekara, ƙarshen hunturu da farkon damina, a sabunta man sanyaya in ya bushe, kada kuma a ɗora na'urar hannu bisa katifa tana aiki.