FASHIN BAƘI: Abin da sabuwar ma'aikaciyar jinya ke tararwa a aikin dare a Batsari da Safana

Hausawa kan ce dare mahutar bawa. Ga ma'aikaciyar jinya da aka tura ɗaya daga cikin asibitocin ƙananan hukumomin Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, dare shi ne lokacin da aiki ke yin nauyi, abokan aiki ke raguwa, hanya kuma ke zama abin tsoro. Idan sabuwar ɗauka ce da ba ta daɗe da karɓar lasisi ba, watanninta na farko ne za su nuna ko za ta zauna, ko kuwa za ta fara bin ofisoshi tana neman a mayar da ita birnin Katsina.

Duk lokacin da irin wannan ma'aikaciya ta koka da rashin barci ko tsangwamar na gaba da ita, amsar da ta saba ji ita ce ta yi haƙuri, kowa da haka ya fara. Wannan amsa tana jingina matsalar ga hali da juriyar mutum ɗaya. Sai dai idan aka bi diddigi, yawancin abin da ke damun ta ya samo asali ne daga matakan da hukumomi suka ɗauka: mutum nawa aka ɗauka aiki, ina aka tura su, nawa ake biyan su, wa ke tsaron ƙofar asibitin. Ranar da ta tattara komatsanta kuwa, a kan mai naƙudar da za a kawo da tsakar dare daga Wagini ko Runka abin zai ƙare.

Yadda aikin yake

A yawancin asibitocin gwamnati a Najeriya, an kasa aikin jinya gida uku: na safe, na yamma da na dare. Na dare ya fi tsawo, domin yakan fara bayan sallar isha'i, tsakanin ƙarfe 8 da 9, ya kai har safiya, kimanin sa'o'i 11 zuwa 12. Akan jera wa ma'aikaciya darare da dama, wani lokaci har mako guda, kafin a ba ta kwanakin hutu.

Da ta iso, mai tashi daga aikin yamma za ta zagaya da ita gado-gado, ta miƙa mata majinyata da littafin rahoto. Daga nan agogo ne ke ba da umarni. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani ana yi masa allurar atesunet da zarar an kwantar da shi, a maimaita bayan sa'o'i 12, a sake bayan 24. Mai juna biyun da jijjiga ta kama, bisa tsarin da aka fi amfani da shi, ana yi mata allurar magnesiyam salfet duk bayan sa'o'i huɗu, kuma kafin kowace allura sai an duba numfashinta, yawan fitsarinta da motsin gwiwarta, domin maganin na iya yin illa idan ya taru a jiki. Wadda ta haihu tana zubar da jini na buƙatar oksitosin, maganin da zafi ke rage wa ƙarfi idan firji ya daɗe babu wuta.

Da rana akwai wanda za a tambaya. Da dare likita, inda ake da shi, sai an kira shi. A ƙananan cibiyoyin lafiya na karkara ma galibi babu likita sam, sai ma'aikaciyar jinya ko ungozoma ko jami'in lafiyar al'umma. Mutanen ƙauye kan kira duk mai fararen kaya da likita, kuma a irin wannan dare nauyin sunan ya hau kanta, ko da wata uku ke nan da fara aikinta.

Jiki da agogonsa

Gajiyar aikin dare tana da dalili a halittar ɗan Adam. Idan duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin melatonin da ke kiran barci, zafin jiki ya ragu, hankali ya yi sanyi. Abin ya fi tsanani tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba, daidai lokacin da ake son ma'aikaciya ta lissafa ɗigon ƙarin ruwan jariri ba tare da kuskure ba. Wani bincike da aka gudanar a Ostireliya, aka wallafa a 1997, ya nuna cewa mutumin da ya shafe sa'o'i 17 bai runtsa ba, kaifin hankalinsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar, a 2007, ta sake jaddada hakan a 2019.

Maganin da masana ke bayarwa shi ne a rama barcin da rana, a ɗaki mai duhu da sanyi, babu hayaniya. A Katsina, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano, wuta kuma ba tabbas. Idan matar aure ce, girki da yara suna jiran ta. Idan budurwa ce a gidan iyaye ko gidan haya, kwanciyar hantsi na iya jawo mata sunan malalaciya. Haka za ta koma bakin aiki da bashin barcin jiya a kanta.

Daren yammacin Katsina

Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, wanda ya miƙe har iyakar Zamfara, kuma suna cikin ƙananan hukumomi takwas da aka daɗe ana kira na bakin daga, tare da Jibiya, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume. A Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Afrilun wannan shekarar an kashe mutum 47 a hare-haren da aka kai yankunan Safana, Ɗanmusa da Dutsinma.

Matakan da aka ɗauka don daƙile hare-haren sun taɓa aikin asibiti kai tsaye. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana zirga-zirgar babura da dare, kuma a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana, na tsawon watanni. A ƙauye babur shi ne motar ɗaukar marasa lafiya, waya kuma ita ce hanyar kiran likita ko neman mai ba da jini. Asibitin kansa bai tsira ba: a Janairun 2025 'yan bindiga sun shiga Babban Asibitin Ƙanƙara da dare, suka harbi likita, suka yi awon gaba da mutane.

Gwamnatin Dikko Umar Raɗɗa ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, kuma a 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomi, har da waɗannan biyun. Duk da haka, ɗabi'ar da shekarun tsoro suka koya wa mutane ba ta gushewa da wuri. Iyalai kan jinkirta fita da mara lafiya har sai ciwo ya ci ƙarfinsa, don haka yakan iso a galabaice. Idan kuma ana buƙatar tura shi gaba, zuwa Dutsinma ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, sabuwar ma'aikaciyar ce za ta auna haɗarin hanya da haɗarin jiran wayewar gari.

Daga ina tsangwamar ke fitowa?

Tun a 1974 wata malamar jinya Ba'amurkiya, Marlene Kramer, ta yi rubutu kan ruɗanin da sababbin ma'aikatan jinya ke shiga idan abin da suka koya a aji ya ci karo da abin da suka tarar a ɗakin majinyata. A makarantar koyon jinya ta Katsina ko ta ungozoma da ke Malumfashi, an koya wa ɗaliba sa safar hannu sabuwa ga kowane majinyaci da rubuta komai a kan kari. A bakin aiki tana iya tarar da cewa sai ɗan'uwan majinyaci ya sayo safar, fitilar waya kuma ita ce hasken ɗinki. Idan ta yi tambaya a ce tana da iyayi, idan ta yi shiru ta yi kuskure a ce ba ta san aiki ba.

Tsangwamar na zuwa ta fuskoki da aka sani: a yi wa sabuwa tsawa gaban majinyata, a cika mata darare da ranakun Sallah a jadawali, a miƙa mata aiki ba cikakken bayani, ko babbar da suke tare ta shige ɗaki ta kwanta ta bar ta da gadaje duka. Ita kuma da "Anti" ko "Sista" take kiran ta, kuma tarbiyya ba ta yarda ta ɗaga murya ga babba ba. Akwai kuma tsohuwar takun-saƙa tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, wadda ta kai gwamnatin Goodluck Jonathan ga kafa kwamitin Yayale Ahmed domin sasanta su. A cibiyoyin karkara saɓanin kan kasance tsakanin sabuwa mai babbar takarda da jami'in lafiyar al'umma da ya shekara 20 yana riƙe da wurin shi kaɗai.

Babu uzuri ga wulaƙanci, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babbar ma'aikaciyar da ke huci ita ma ta shafe shekaru tana yin aikin mutum uku. Koyar da sabuwa na buƙatar lokaci, wanda ƙarancin ma'aikata ya riga ya cinye.

Ƙarancin hannu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana buƙatar aƙalla likitoci, ma'aikatan jinya da ungozomomi 4.45 ga kowane mutum 1,000, kuma a 2023 ta sanya Najeriya cikin ƙasashe 55 da suka fi fama da ƙarancinsu. A Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku. Wanda ya tafi Ingila daga babban asibitin birni yakan bar gurbi, na karkara ya nemi cike shi, ƙauye ya tashi a tutar babu.

Ladan aikin ma bai taka kara ya karya ba. Shekara da shekaru naira 5,000 a wata ne alawus ɗin haɗarin aiki, kafin gwamnatin tarayya ta ƙara shi a ƙarshen 2021. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi, kuma ƙarin alawus ɗin aikin karɓa-karɓa da ɗaukar sababbin ma'aikata suna cikin manyan buƙatunta.

Wannan ƙaranci yana cin rayuka. Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a 2002, kan asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya ta Amurka, ya gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana ƙara yiwuwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100. A Najeriya, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kusan 75,000 ne suka rasu sakamakon ciki da haihuwa a 2023, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. A karkarar Katsina, inda magidanta da yawa ba sa son namiji ya karɓi haihuwar matansu, tafiyar ma'aikaciya mace ɗaya na iya mayar da haihuwa gida a gari guda.

Abin da ke hannunta, da wanda ya fi ƙarfinta

Akwai dabarun da ke rage wahalar. Ɗan barci bayan azahar kafin fita, abinci mara nauyi, barin shayi da kofi idan asuba ta gabato, da fahimtar da mutanen gida cewa barcin rana wani ɓangare ne na aikin. Rubuta kowace allura, kowane kiran likita da lokacinsa a littafin rahoto shi ne garkuwarta ranar da aka zo neman mai laifi. Idan tsangwama ta wuce gona da iri, ƙorafi a rubuce ga shugabar ma'aikatan jinya ko reshen ƙungiya ya fi ƙunƙuni amfani.

Sauran kuwa aikin hukuma ne. Shirin horar da mata a fannin lafiya da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 zuwa 2020, a jihohin da suka haɗa da Katsina, ya ɗauki 'yan matan karkara ya shirya su shiga makarantun lafiya domin su koma garuruwansu, bisa fahimtar cewa 'yar gari ta fi baƙuwa zama. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani kaso daga ciki na ma'aikata ne. Gwamnatin jiha ta yi alƙawarin cibiyar lafiya mai aiki a kowace mazaɓa cikin 361.

Gini da fenti suna fitowa a hoton buɗe asibiti, jadawalin dare ba ya fitowa. Matashin da ke bibiyar kasafin kuɗi na iya tambayar kansilansa, shugaban ƙaramar hukumarsa ko ɗan majalisarsa: ma'aikata nawa ke kwana a cibiyar mazaɓarmu? Akwai gidan ma'aikata a cikin katanga, da sola mai kai wa asuba? Akwai ƙarin alawus ga wanda ya yarda ya zauna a bakin daga? An haɗa sabuwar ɗauka da wadda za ta koya mata kafin a bar ta ita kaɗai? Amsoshin suna nan a rubuce a jadawalin da ke manne a bangon ofishin kowace cibiya, kuma duk ɗan mazaɓar da ya je da ƙafarsa zai iya ƙirga sunayen da ke kansa.